Ciwon wuyan hannu: a ba shi hutun sati 6

A wuyan hannunmu, ta gefen ƙaramin yatsa, akwai wani ɗan guringuntsi. Aikinsa kamar na gammo ne. Yana tsakanin ƙashin hannu da ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu, yana rage musu nauyi, yana kuma riƙe su lokacin da muke juya hannu.

Wannan guringuntsi yana yagewa. Mutum ya faɗo daga amalanke ko kabu-kabu, ya dafa ƙasa da tafin hannu. Ko igiyar dabba ta fizge shi, hannun ya murɗe. Ga tsofaffi kuwa, yakan sassaɓe da kansa.

Alamarsa ita ce ciwo ta gefen ƙaramin yatsa idan ana matse wanki, ko buɗe kwaɗo, ko dafa tabarma don a tashi. Wani lokaci hannun yakan yi ƙas, riƙo kuma ya yi rauni.

Mu je asibiti. Likita zai danna wurin, ya juya hannun, ya sa a ɗauki hoton radiyo don ya ga ko akwai karaya. Amma mu sani, radiyo ƙashi yake nunawa, ba ya nuna guringuntsi. Idan aka ce ƙashi lafiya, ba a ce mai ciwon raki yake yi ba. Hoton da ke nuna yagewar shi ne IRM, sai a manyan asibitoci kamar na Yamai.

A ganinmu, babban kuskure shi ne ɗaukar abin kamar ƙaramin targaɗe. A ja hannun, a murza, gobe a koma daka da jan guga. Wasu har tramol suke sha, ciwon ya ɓuya, yagewar tana ƙaruwa.

Jini kaɗan ne ke isa wannan guringuntsi, shi ya sa warkewarsa take da nawa. Likita yakan ɗaure hannun sati 4 zuwa 6, sannan a fara motsa shi sannu-sannu. Sati 6 da damina ba wasa ba ne, mun sani. Don haka maganin yana wuyan mutanen gida: maigida ya kai hatsi inji, ƴan'uwa su yi wa manomi gayya.

Idan watanni sun wuce ciwon bai lafa ba, ko hannun yana gocewa, a koma wurin likita. Akwai allura, akwai kuma aikin tiyata na ɗinke guringuntsin.