Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Awa Shida a Tsibirin Zanzibar

A wannan makon zan so mu bar tudu mu leƙa teku.

Akwai wani nau'in yawon buɗe ido da ya fara shiga kunnen mutanenmu, musamman masu zuwa Dubai da Jidda, da ango da amaryar da ke neman inda za su huta bayan biki. Shi ne yawo a cikin katafaren jirgin ruwa, wanda a cikinsa ake kwana, a ci a sha, yana bin tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Jirgin yakan iso tsibiri da safe ya sauke fasinjoji, kafin magariba ya kwashe su ya yi gaba. Abin da mutum yake da shi a kan tsibirin bai wuce awa shida zuwa takwas ba. Ra'ayina shi ne, duk wanda Allah ya kai shi irin wannan zango, ya nemi ɗan jagora mai lasisi ɗan asalin wurin, ya biya shi hannu da hannu, ya bi shi a ƙafa. Zan kafa misali da Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, domin tana cikin tsibiran Afirka da waɗannan jirage ke yada zango.

Mu fara da maganar kuɗi. Tun kafin jirgi ya iso, kamfanin ya riga ya tallata wa fasinjoji nasa tsarin zagayen: ka biya a cikin jirgi, bas na jiranka a bakin tasha, a zagaya da kai a dawo da kai. Kamfanin zai cire nasa kason, kamfanin da ya yi kwangila da shi a tsibirin ya cire nasa, abin da ya rage shi ne zai isa ga direba da mutumin da ya wuni yana magana a rana har muryarsa ta dishe. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ga shi fasinja ya karya kumallo a jirgi, abincin dare na jiransa a jirgi, ɗakin kwanansa na jirgi. Mai otal a tsibirin bai ga kwabonsa ba, mai sayar da abinci ma da ƙyar. Garin ya ɗauki cunkoso da shara, riba ta koma cikin teku.

A yankin Karebiya abin ya wuce haka. Kamfanin Royal Caribbean yana da tsibirinsa na kansa a Bahamas mai suna CocoCay, kuma tun 1986 yake riƙe da hayar wani yanki mai suna Labadee a arewacin Haiti, wanda aka kewaye da shinge. A da fasinja yakan sauka, ya yi iyo, ya ci abincin kamfani, ya koma gida yana cewa ya je Haiti. Jirginsu Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 yana iya ɗaukar fasinjoji 7,600. Waɗanda ke zuwa Zanzibar ba su kai wannan girman ba, amma lissafin iri ɗaya ne: kowane kamfani yana son kuɗin fasinja ya ƙare a aljihunsa. Ɗaukar ɗan jagora na gari ita ce hanya mafi sauƙi da baƙo zai bi ya tabbatar wani abu ya zauna a ƙasar da ya taka.

Sai dai ba don tausayi kawai nake wannan magana ba. Baƙon ne ya fi cin riba. Tsohon garin Zanzibar, wanda ake kira Stone Town, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Lungunansa matsattsu ne, mota ba ta shiga yawancinsu. Wanda ya san cikin birnin Kano ko Zariya ya san irin lungun da nake nufi, inda za ka bi kwana uku ka tsinci kanka inda ka taso. Bas ɗin kamfani ba zai shiga nan ba, kuma ayarin mutum arba'in da ke bin mai ɗaga tuta ba zai tsaya don tambayarka ba. Ɗan gari ne zai tsayar da kai a gaban ƙofar katako mai sassaƙa ya nuna maka bambancin ta Larabawa mai kusurwa huɗu da ta Indiyawa mai baka a sama da manyan ƙusoshin tagulla. Shi zai nuna maka Beit al-Ajaib, gidan da Sarki Barghash ya gina a 1883, ginin farko da ya samu wutar lantarki a tsibirin, wanda wani sashensa ya rufta a Disambar 2020. A bakin tekun nan ne kuma, ranar 27 ga Agusta 1896, jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fadar sarki ruwan wuta, yaƙin ya ƙare cikin ƙasa da minti 45, da asarar mutum wajen 500 a ɓangaren sarki tsakanin matattu da masu rauni. Littattafai kan ambace shi a matsayin yaƙi mafi gajarta a tarihi, kamar abin raha. A bakin ɗan Zanzibar za ka ji shi a matsayin ranar da Turawa suka nuna cewa su ke naɗa sarki.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Kanumfarin da muke jefawa a shayi da kunu da yaji, a da Zanzibar da 'yar uwarta Pemba sun daɗe suna kan gaba a duniya wajen noma shi. Sayyid Sa'id na Oman, wanda ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar wajen 1840, shi ya bunƙasa gonakinsa, kuma bayin da aka kamo daga cikin nahiyar ne suka nome su. Kasuwar bayi ta garin an rufe ta a 1873 bisa matsin lambar Ingila, aka gina cocin Angilika a kan filin. Gidan Tippu Tip, attajirin hauren giwa da bayi da ya mutu a 1905, yana nan cikin lungunan. Sai juyin juya halin 12 ga Janairu 1964 da ya kifar da sarauta, aka kashe dubban mutane, mafi yawansu Larabawa da Indiyawa, kafin tsibirin ya haɗe da Tanganyika a watan Afrilun shekarar aka samu Tanzaniya. Marubucin nan Abdulrazak Gurnah da ya ci kyautar Nobel ta adabi a 2021 yana cikin waɗanda suka bar tsibirin bayan wannan rikici. Takardar tallan jirgi za ta nuna maka farin yashi da bishiyar kwakwa. Ɗan jagoran da kakansa ya yi bauta a gonar kanumfari, ko wanda danginsa suka tsere a 1964, yana ɗauke da labarin da ba a bugawa a takardar talla. Idan ka yi sa'a ka kuma iya tambaya, zai ba ka wani abu daga ciki.

Sannan akwai ladabin wuri. Mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, kuma sun daɗe suna kuka da baƙin da ke fitowa daga bakin ruwa su ratsa kasuwa da kayan iyo. Ɗan gari zai gaya wa baƙo yadda zai yi shiga, da wanda bai kamata a ɗauka hoto ba sai da izini, da yadda gari yake komawa a watan azumi ko lokacin sallar Juma'a. Bahaushe ba zai sha wahala a nan ba. Zai ma ji kalmomin da ya sani a bakin mutane, domin Swahili da Hausa duk sun sha daga Larabci: su ce habari mu ce labari, su ce dunia mu ce duniya, su ce karafuu mu ce kanumfari.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne.

Ta farko ita ce tsoron jirgi ya tafi ya bar ka. Gaskiya ne. Ƙa'idar kamfanonin ita ce, idan zagayen da suka sayar maka ne ya makara, za su jira ko su ɗauki nauyin kai ka tasha ta gaba. Idan kuwa da kanka ka fita, ka makara, jirgi ba ya jiran kowa, kuma kuɗin bin sa daga aljihunka zai fito. Da wannan tsoron suke sayar da nasu zagayen da tsada. Maganinsa lissafi ne. Ka rubuta lokacin da aka ce kowa ya dawo, ka rage awa biyu, ka ce wa jagoranka wannan ne lokacinka. Ka fara da wuri mafi nisa, kamar gonakin kayan ƙamshi na Kizimbani ko dajin Jozani mai jajayen birai, ka ƙare da Stone Town da ke dab da tasha, yadda ko mota ta lalace ƙafarka za ta kai ka. Tsibirin Changuu mai manyan kunkuru, waɗanda aka kawo kakanninsu daga Seshel a 1919, sai an shiga kwalekwale, don haka idan za a je a je da safe. A kula da wani abu kuma: masu jin Swahili suna fara ƙirga awa daga wayewar gari. Ƙarfe bakwai na safe shi ne saa moja, wato awa ɗaya, ƙarfe huɗu na yamma kuma saa kumi. Tsakanin agogonsu da namu akwai awa shida. Ka nuna wa jagora lokacin a fuskar waya ko agogo, kada ku rabu a kan fatar baki.

Ta biyu ita ce 'yan cuwa-cuwa. A bakin tasha akwai samarin da ke manne wa baƙo, waɗanda 'yan Zanzibar da kansu suke kira papasi, ma'ana kaska. Ba su nake nufi da ɗan jagora ba. Jagoran gaskiya yana da rajista da hukumar yawon buɗe ido ta Zanzibar, yana da katin shaida, kuma ba zai ji haushi ba idan ka ce ya nuna maka. Mafi kyau ma ka shirya da shi ta intanet tun kafin jirgi ya iso, ka karanta abin da waɗanda suka bi shi suka rubuta, ku yanke farashi a rubuce: me ke ciki, me ba ya ciki, wa zai biya kuɗin shiga wuraren tarihi.

Ta uku ta fi damuna a matsayina na mai rubutu: ɗan jagora yakan ƙara gishiri. Mutum ne mai neman abinci, ya san labarin da ke sa baƙo ya zaro ido ya zaro kuɗi. A kusa da cocin da na ambata akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi a matsayin inda ake tsare bayi, alhali masana tarihi suna da saɓani a kan ko don haka aka yi su. Wani jagoran kuma zai bi da kai shagon da yake da la'ada a ciki. To amma wanda kamfanin jirgi ya ɗauko shi ma ɗan gari ne, labarin nan dai zai ba ka, shagon nan dai zai kai ka, sai dai kana cikin mutum arba'in ba ka da damar cewa uffan. Idan ku biyu ne ko huɗu, kana iya tambaya: wa ya faɗi haka? A ina aka rubuta? Jagora nagari yana jin daɗin irin wannan baƙo. Ka karanta ko shafi biyar ne a kan wurin kafin ka sauka, za ka iya tace tsaba daga tsakuwa.

Saura maganar ciniki, kuma a nan da mu nake. Mu mutane ne masu son tayi, kuma ba laifi ba ne. Amma wanda ya iya biyan kuɗin ɗaki a jirgin ruwa na mako guda, bai dace ya tsaya yana murɗe wuyan ɗan jagora a kan dala biyar ba. Aikin nan na kaka ne, akwai watannin damina da baƙi ke ɗaukewa, kuma abin da ya samu a ranar jirgi shi zai ci har wani jirgin ya zo. Ka taya daidai, idan ya kyauta ka ƙara masa. Ka ci abincin rana a gari, ka sayi kanumfari da kirfa a kasuwar Darajani a hannun mai tebur. Baƙo raɓa ne, da rana ta ɗaga ya tafi, amma raɓa ma tana jiƙa ƙasa kafin ta bushe.

Wanda duk ya taɓa ganin an kawo baƙi marinar Ƙofar Mata ko kasuwar Kurmi, wani da ba ɗan unguwar ba yana yi musu bayani da Turanci, masu aikin suna zaune ana ɗaukarsu hoto kamar kayan ado, ya san yadda abin yake a zuciya. Idan mu ne baƙin a garin wasu, kada mu yi musu haka.

Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan jirgi ko suka je Zanzibar, ina son jin yadda kuka yi da jagororinku da abin da kuka biya, domin masu niyya su amfana. Waɗanda ke ganin zagayen kamfani ya fi kwanciyar hankali, musamman ga mai tafiya da tsofaffi ko ƙananan yara, su ma su kawo hujjarsu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.