Tsohon Gida a Cikin Gari: Kada Araha Ta Rufe Mana Ido

Da zarar damina ta ɗauke aka shiga kaka, zancen gida yakan dawo ofishin malamai. Wannan ya ce mai gidan haya ya ƙara masa kuɗi, wancan ya ce adashinsa ya fito yana neman inda zai zuba shi kafin ya narke. Daga Kiyako zuwa Sundimina, daga Sara zuwa Basirka, tambayar ɗaya ce: a sayi fili a bayan gari a riƙa ɗora bulo a hankali, ko a sayi tsohon gida a cikin lungunan Birnin Kudu ko Gwaram, irin waɗanda suke jingine da juna, bango ɗaya ya raba maƙwabci da maƙwabci?

Ra'ayinmu a wannan reshe shi ne, ga malamin da albashi ne jarinsa, tsohon gida a cikin gari ya fi kusa da hannu, kuma sau da yawa ya fi amfani. Sai dai ciniki ne da ke bukatar haƙuri da bincike, domin wanda ya yi gaggawa a cikinsa yana iya sayen shari'a da kuɗinsa.

Mu fara da lissafi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, siminti da kwano da katako da kuɗin dakon yashi duk suka yi sama. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ya rage zafi, amma bai kamo farashin kayan gini ba. Kowannenmu ya san abokin aikin da ya kai gininsa linta ya tsaya, shekaru suna wucewa, ruwa yana dukan bulo, shi kuma yana biyan haya. Wanda ya sayi tsohon gida kuwa yana iya tarewa a ɗaki biyu, ya riƙa gyara sauran yana ciki. Kuɗin hayar da ya huta biya su ne kuɗin gyaran. Ga masallaci da kasuwa a kusa, ga makarantar yara, ga asibiti ba sai an nemi ɗan acaɓa da tsakar dare ba. Ga kuma maƙwabta, waɗanda za su kula da iyali idan aka yi wa malami canjin wurin aiki zuwa ƙauye mai nisa.

Mun san abin da masu son fili za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Fili yana ba mutum damar tsara gida yadda yake so, da sarari da iska, kuma darajarsa tana ƙaruwa yayin da gari ke faɗaɗa. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, mun ga yadda gonakin gefen Dutse suka zama unguwanni. Wanda yake da sauran shekaru masu yawa a aiki, kuma yake zaune a gidan gado ba ya biyan haya, ba mu ce ya bar fili ba. Maganarmu tana kan wanda ritaya ta doso shi, yana da 'ya'ya, kuma har yau maƙullin gidan da yake kwana na wani ne.

To, idan an yanke shawarar sayen tsohon gida, abu na farko da za a bincika shi ne mai shi, kafin ginin. Yawancin gidajen cikin gari na gado ne. Wanda ya kawo dillali yana iya zama ɗaya daga cikin magada goma, wasu suna Kano, wasu suna aure a wani gari, wasu marayu ne da ba su balaga ba. A nemi ganin takardar rabon gado daga kotun shari'a, ko a ji yardar kowane magaji a gaban shaidu, mata da maza. A fikihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, wanda yake da tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya biya abin da baƙo ya biya ya karɓi kason da aka sayar. Malamin da bai san wannan ba yana iya gama fenti sannan sammaci ya iso. A kuma tambaya ko an taɓa ba da gidan jingina, kuma mai unguwa da dattawan lungu sun fi dillali sanin amsar, domin shi la'adarsa yake jira.

Na biyu, takarda. Sa hannun mai unguwa da dagaci da hakimi shaida ce mai ƙarfi, kada a yi ciniki ba tare da ita ba, amma ba ita ce ƙarshe ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar birane a hannun gwamna, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin mallaka a karkara, kuma ta shardanta amincewar hukuma kafin a mayar da mallaka ga wani. Rashin cikakkiyar takarda shi ne ke hana mutane da dama cin moriyar Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa mai zubi kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa.

Na uku, ginin kansa. Shawararmu ita ce a je ganin gida a watan Agusta, ana tsakiyar ruwa, ko aƙalla a tambayi maƙwabta yadda lungun yake kwana a damina. Ambaliyar 2022 ta nuna wa Jigawa abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa. A tafi da magini amintacce ya duba gindin bango ko danshi ya ci shi a ƙarƙashin sabon yaɓe, ya ƙwanƙwasa azara ya ji ko gara ta shige ta. A duba inda indararon maƙwabci yake zubarwa, da inda kwatar gidan take bi, da tazarar da ke tsakanin masai da rijiya. Bangon da ake tarayya a kansa kuwa a san na wane ne, a rubuta, domin ranar da za ka rushe naka ka sa bulo, ɗakin maƙwabci yana iya biyo shi. A kuma auna faɗin lungun: shin mota za ta shiga ɗaukar mai naƙuda? Shin makara za ta fita ba tare da an karkata ta ba?

Saura kiranmu ga kanmu. Ƙungiya ba ta ƙare a neman ƙarin girma da bin bashin albashi ba. Muna ganin ya dace reshenmu ya kafa ɗan kwamiti na mutum uku ko huɗu, a ciki da malamin da ya san fikihun gado da wanda ya san harkar ofishin filaye, wanda duk memba zai tuntuɓa kafin ya biya ko sisi. Muna kuma ganin ƙungiyoyinmu na adashi da taimakon juna su ɗauki sayen tsohon gida da gyaransa a matsayin abin ba da rance, kamar yadda suke yi wa babur da kayan azumi. Za mu kawo wannan batu a taron reshe mai zuwa, kuma muna roƙon waɗanda suka taɓa irin wannan ciniki, ya yi musu daɗi ko ya yi musu ɗaci, su zo su faɗa wa na baya abin da suka gani.

Allah Ya ba kowane malami muhallin da zai huta a cikinsa bayan ya ajiye alli.