Dabba Ta Ƙone? Ruwa Tukuna

Jama'a, ga hunturu ya shigo, an yanke shinkafa a fadamun Argungu da Birnin Kebbi, harawa na bisa rumfa, mahalba kuma sun fara cinna wa daji wuta. Lokacin ƙunar dabbobi ke nan. Bara na ga wata akuya da gobara ta kama a turke. Kafin ƙiftawar ido an yaɓe ta da kashin shanu da baƙin mai, ga randa cike da ruwa a gefe, ba wanda ya taɓa ta.

Wannan kuskure ne babba. Ko wuta ta mutu, zafin da ya shige fata yana nan yana cin nama. A Ostireliya masana sun gwada wannan a kan aladu, don fatarsu ta yi kama da ta mutum, suka bayyana sakamakon cikin 2008. Ƙunar da aka kwarara wa ruwan sanyi minti 20 ta riga sauran warkewa. Ƙanƙara kuwa ba ta yi wannan amfani ba. To, ruwan randa ko na rijiya ya isa, kuma minti 20 ɗin nan a cika su, kada a watsa moɗa biyu a ce an gama. Amma wurin ƙunar kaɗai za a jiƙa. Ɗan akuyar da aka jiƙe sharkaf da asubar hunturu, sanyi ne zai kashe shi.

Abu na biyu ya fi ɓoyuwa. Ƙuna mai faɗi takan sa ruwan jini ya tsiyaye daga jijiyoyi, sai dabba ta yi laushi ta faɗi, mai ita ya ce tsoro ne. Tun 1943 wani likita a Amurka, Sanford Rosenthal, ya nuna ɓerayen da suka ƙone, in an ba su ruwan gishiri suka sha, da yawansu sukan rayu. Saboda haka a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. In ba ta iya haɗiya kada a ɗura mata, sai ta shaƙe. Wannan aikin likitan dabbobi ne, shi ke da ƙarin ruwa ta jijiya.

In kuwa wuta ta cinye yawancin jiki, ko kofato ya saɓule, ni dai a ganina a yanka tun da sauran rai.