Kare a Ɗakin Magani

A cikin shekarar 1961 wani masanin halin yara na ƙasar Amurka, Boris Levinson, ya bayyana wa 'yan'uwansa masana yadda wani yaro da ya ƙi magana da kowa ya saki jiki da karensa, har bakinsa ya buɗe. Waɗansu suka yi masa ba'a. Yau kuwa a can ana kai horarrun karnuka asibitoci da gidajen tsofaffi.

To, mu fa? A 2019 'yan bindiga suka addabi ƙasar Sabon Birni da Isa, har dubban mutane suka ƙetare zuwa jihar Maraɗi. Yara da yawa sun taso cikin firgita, barci ya gagare su. Yaron Gobir kuwa ba baƙon kare ba ne, da shi yake bin mafarauta daji. Muna ganin ya kamata likitocin asibitin Kware su jarraba wannan dabara ga yara.

Amma dattijo dabam ne. Wanda ya shekara saba'in yana korar kare daga bakin tabarmarsa ba zai sami natsuwa da shi ba. A bar masa ɗan ragonsa, watau abin da hannunsa ya saba shafawa. Kuma lalle kada a kawo kare gaban yaro sai an yi masa allurar rigakafin hauka.