Ado Ba Ya Koya Wa Yaro Karatu

Ranar bikin rufe makarantar su ƴata a nan Yamai, an rataya babban kyalle a bakin ƙofa, an rubuta "MARABA DA BAKI". Haruffan masu kusurwa ne, kamar an sassaƙe su da wuƙa. Ƴata da ke ajin farko ta tsaya tana haɗa baƙi da wasali, sannan ta tambaye ni: "Baba, bakin wa ake yi wa maraba?"

Na je wurin wanda ya buga kyallen. Ya ce samfurin haruffan da ya sauko da shi daga intanet ba shi da ƙ. Idan ya saka ta, sai wani ɗan akwati ya fito a gurbinta, shi ya sa ya sa k kawai. Haka nan baƙi suka koma baki.

Ba na gaba da irin waɗannan haruffa. A allon shago ko sanarwar kokowar takobi suna jan ido daga nesa, kuma aikinsu ke nan. Amma yanzu sun shiga katin koyon karatu da bangon aji, inda yaro ke ganin siffar harafi karo na farko. A can "o" ta zama murabba'i, "a" da "d" sun kusa zama ɗaya, ƙugiyar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kuwa ta ɓace. Babba zai gane daga ma'anar jimla. Ɗan shekara 6 ba ya da wannan madogara. Abin da idonsa ya gani shi zai kwafa, ya rubuta kasa a maimakon ƙasa.

Abin haushin shi ne, ana cewa haruffan suna kwaikwayon rubutun hannu. To, mai fenti da ke rubuta allunan shaguna a kewayen Babbar Kasuwa, da jan buroshi ɗaya yake ƙara ƙugiya idan an nuna masa. Samfurin da aka zana don Faransanci ko Ingilishi bai san da ita ba.

Tun 1999 gwamnati ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar, kuma a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Ba mu da hujjar barin mai kwamfuta ya yanke mana haruffa huɗu don ado. Akwai samfurin Andika, wanda aka zana musamman don masu koyon karatu. Kyauta ne, kuma duk haruffanmu suna ciki.

Malamai, kafin ku biya kuɗin bugu, ku ce a rubuta muku "ɓera", "ɗaki", "ƙofa" da "ƴaƴa" ku gani da idonku. Iyaye, ku duba katin da yaro ya kawo gida. In babu ƙugiya, ku mayar da shi makaranta, ku nemi a sake bugawa.