Ƙwayar da ake binnewa a fata: Tambayar Yayata daga Amurka



Makonni uku da suka wuce, bayan sallar Isha'i, yayata da ke zaune da iyalinta a jihar Teksas ta Amurka ta kira ni a waya. Bayan gaisuwa sai ta ce, "Dakta, yau dai za mu ci moriyar karatun nan naka." Shekarunta hamsin da biyu, haila ta ɗauke mata shekara guda da rabi ke nan, kuma tun daga lokacin barci ya ƙaurace mata. Zafi kan taso mata daga ƙirji zuwa fuska ba zato, cikin dare ta farka jiƙe sharkaf da gumi, da rana kuma abu kaɗan ya ɓata mata rai. Wata ƙawarta ta kai ta wani ɗakin shan magani mai zaman kansa, inda aka ce mata akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta fi ƙwayar shinkafa girma ba, wadda za a binne mata a ƙarƙashin fata, ta manta da ita har wata huɗu. An ce mata daga doya ake yin ta, kuma sinadarin homon da ke cikinta daidai yake da wanda jikinta ke yi. Har ma an ce ta zo da maigida, shi ma akwai tasa. "To ƙanena," in ji ta, "in sa ko kada in sa?"

Na ga ya dace in kawo amsar nan fili, domin wannan kasuwa, ko da yake a Amurka ta fi ƙarfi, tallarta na shigowa wayoyinmu ta Facebook da Instagram, kuma masu hali daga cikinmu na fita waje neman magani. Al'ummar da ta saba da maganin ƙarfin maza da kayan mata ba za ta yi wuyar karɓar sabon abu ba, musamman idan ya zo sanye da farar riga.

Da farko dai, ciwon gaskiya ne. Tsakanin shekara 45 zuwa 55 yawancin mata kan daina haila, ma'ajiyar ƙwai ta rage samar da homon ɗin istrojin. Daga nan zafin jiki da gumin dare da rashin barci da bushewar gaba ke tasowa, ƙashi kuma ya fara yin rauni a hankali. Mata da yawa a gidajenmu na shan wannan wahala shekara da shekaru, a ce musu iska ce, ko jifa, ko kuma su yi haƙuri, girma ne. Namiji ma homon ɗinsa na testostaron kan ragu da kamar kashi 1 cikin 100 a kowace shekara bayan ya kai arba'in, sai dai nasa raguwar sannu-sannu take, kuma a wajen mafi yawan maza ba ta kai matsayin cuta. Saboda haka wanda ya nemi magani bai yi abin kunya ba. Abin dubawa shi ne wane magani, kuma ta wace hanya.

Don a fahimci yadda wannan ƙwaya ta samu karɓuwa, sai an koma shekarar 2002. Tun daga 1942 matan Amurka ke shan wani maganin istrojin mai suna Premarin, wanda ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki. Daga baya aka riƙa haɗa shi da wani homon na biyu domin kare mahaifa. A watan Yulin 2002 aka dakatar da wani babban bincike na gwamnatin Amurka da ya ƙunshi mata 16,608, saboda an ga ƙarin haɗari ga masu shan wannan haɗi. A cikin kowaɗanne mata 10,000, a shekara guda, an samu ƙarin mutum 8 masu sankarar mama, da ƙarin 8 masu shanyewar ɓarin jiki, da ƙarin 7 masu ciwon zuciya, yayin da karayar ƙashin ƙugu ta ragu da mutum 5. Labarin ya karaɗe duniya, miliyoyin mata suka jefar da maganin, likitoci kuma suka ja baya. Abin da tsoro bai bari an lura da shi ba shi ne matsakaicin shekarun matan da aka gwada 63 ne, wato akasarinsu sun daɗe da daina haila. Nazarin da ya biyo baya ya nuna cewa ga macen da ba ta kai sittin ba, ko wadda ba ta wuce shekara goma da daina haila ba, amfanin maganin yakan rinjayi haɗarinsa idan ba ta da wata larurar da ta hana.

Amma kafin wannan gyara ya isa kunnen jama'a, an riga an bar mata masu wahala ba mataimaki, sai 'yan kasuwa suka cike gurbin. Wata fitacciyar 'yar wasan talabijin, Suzanne Somers, ta fara fitar da littattafai daga 2004 tana yabon homon da ta ce na halitta ne, ba na fitsarin doki ba. Ɗakunan shan magani masu alkawarin mayar da tsoho yaro suka yawaita, suna sayen kayansu daga kantunan da ke haɗa magani bisa odar likita.

Mene ne gaskiyar da'awar cewa homon ɗin daidai yake da na jiki? Ta fuskar kimiyyar sinadarai, gaskiya ce. Istradiyol da furojestaron da testostaron da ake yi a masana'anta ba su da bambancin tsari da waɗanda jikin ɗan Adam ke samarwa. Batun doya ma yana da tushe. A farkon shekarun 1940 wani masanin sinadarai Ba'amurke, Russell Marker, ya gano hanyar juya wani sinadari da ke cikin doyar daji ta ƙasar Meziko ya koma furojestaron, har ya shiga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Syntex a 1944. Sai dai wannan juyi a ɗakin gwaje-gwaje ake yin sa, mataki bayan mataki. Jikin mutum ba ya iya yin sa, ko da zai ci doya buhu guda. Wato ƙwayar nan maganin masana'anta ce kamar kowane magani. Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne irin wannan homon ɗin sak yana nan a kantunan magani na yau da kullum, a matsayin filastar mannawa a fata, da man shafawa, da ƙwayar haɗiya, duk da amincewar hukuma, da awo sananne, da takardar gargaɗi a cikin kwali. Kuma kasancewar homon irin na jiki ba ta cire masa illa: istrojin ɗin da jikin mace ke yi da kansa ma yana iya ciyar da wasu nau'o'in sankarar mama.

Yanzu ga ita ƙwayar kanta. Ana kashe zafin wuri a saman ɗuwawu, a ɗan tsaga fata, a tura ƙwaya ɗaya ko fiye da wani bututun ƙarfe, a rufe. Tana narkewa a hankali cikin wata uku zuwa shida. Matanmu da suka san ashanar tazarar haihuwa da ake sa wa a dantse za su ɗauka abu ɗaya ne, alhali akwai babban bambanci. Ashana roba ce, duk ranar da mace ta ga ba ta karɓe ta ba sai ma'aikaciyar lafiya ta zare ta. Wannan kuwa narkewa take yi a cikin nama, ciro ta na da matuƙar wuya. Mai filasta idan ta ga illa sai ta ɓamɓare ta, mai shafa mai ya daina shafawa, cikin 'yan kwanaki homon ya sauka. Wanda aka binne wa ƙwaya, idan awon ya yi masa yawa, sai dai ya zauna ya jira watanni. A nan ne babban aibin wannan hanya yake.

Sai batun sa ido. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wata ƙwayar testostaron ta dashe mai suna Testopel tun 1972, ga maza masu tabbataccen ƙarancin homon. Amma ba ta amince da wata ƙwayar dashe ta istradiyol ba, kuma babu wani maganin testostaron da ta amince da shi don mata. Waɗanda ake binne wa mata, da ma maza da yawa, haɗin kantuna ne da ba a tilasta musu gwajin inganci da aminci irin wanda ake yi wa manyan kamfanoni. A 2018 masu binciken hukumar sun tarar da rahotannin illa 4,202 a wani kamfani mai tallata waɗannan ƙwayoyi, waɗanda ba a taɓa miƙa mata ba. Saboda ƙarancin bayani, 61 kawai hukumar ta iya dangantawa kai-tsaye da ƙwayar, kamar ruɓar wurin dashe da fitowar ƙwayar daga fata. A 2020 kuma babbar cibiyar masana kimiyya da likitanci ta Amurka ta fitar da rahoto cewa babu isassun hujjoji kan amincin homon na haɗin kanti, ta ba da shawarar a taƙaita shi ga wanda jikinsa bai karɓi maganin da aka amince da shi ba.

Ga mata akwai haɗari biyu da ya kamata a sani. Na farko, macen da ke da mahaifa idan aka ba ta istrojin ba tare da isasshen furojestaron ba, bangon cikin mahaifa kan yi kauri, wanda ke iya kaiwa ga sankara. Na biyu, ƙwayoyin nan kan ƙunshi testostaron, kuma sau da yawa sukan ɗaga shi sama da abin da jikin mace ya saba. Sakamakon shi ne ƙuraje, da gashin haɓa, da zubewar gashin kai, da kaurin murya wanda wani lokaci ba ya komawa. A 2019 manyan ƙungiyoyin likitoci na duniya suka fitar da matsaya ɗaya cewa larura guda kaɗai aka tabbatar testostaron na yi wa mata amfani a kanta, wato mutuwar sha'awa mai damun mace bayan daina haila, kuma suka yi hani ga hanyoyin da ke kai shi sama da ƙima, har da ƙwayar dashe.

Maza kuwa, ga abin da ya fi shafar mu. Idan testostaron ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa kan ɗauka ya wadata, sai ta daina aika wa maraina saƙon su yi aiki. Maraina su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa da ke cikin maniyyi su ragu ƙwarai. Tasirin ya kai har Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada allurar testostaron a matsayin hanyar tazarar haihuwa ta maza, kuma a sakamakon da aka wallafa a 1990 kusan kashi biyu cikin uku na mazan sun wayi gari ba ƙwayar haihuwa ko ɗaya cikin wata shida. Yawanci abin kan dawo bayan an daina, amma yakan ɗauki watanni. Magidancin da ya yi amarya, ya je neman ƙarin ƙarfi alhali yana son haihuwa, to garin neman gira zai rasa ido, kuma mun san wadda za a ɗora wa laifi a gida. Ban da wannan, testostaron kan sa jini ya yi kauri, dole a riƙa auna shi. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2023 kan maza sama da 5,000 ya nuna man shafawa na testostaron bai ƙara bugun zuciya ba, amma an ga ƙarin rikicewar harbawar zuciya da gudan jini a huhu. Wannan kuma a kan man shafawa aka yi shi, ga maza masu tabbataccen ƙaranci.

Ƙa'idar likitoci ita ce ba a cewa namiji na da ƙarancin testostaron sai yana da alamomi, kuma an auna jininsa da safe sau biyu a ranaku daban-daban an ga ya yi ƙasa. Ko an ga hakan, sai an nemi dalili, domin ƙiba da ciwon suga da rashin isasshen barci da shan ƙwayoyi irin su tiramadol duk suna saukar da shi. Sau da yawa gyaran waɗannan shi ne maganin.

Adalci ya sa in faɗi cewa akwai waɗanda aka sa wa ƙwayar suka ji daɗin jikinsu, kuma ba ƙaramin sauƙi ba ne mutum ya huta da tuna magani kullum. Amma jin daɗin wata biyu ba ya gaya mana abin da zai faru bayan shekara goma. Mai karatu ya kuma lura cewa wanda ke ba da shawarar a sa ƙwayar shi ne mai sayar da ita, kowane dashe ɗaruruwan daloli ne, inshora ba ta cika biya ba, kuma duk bayan 'yan watanni sai an dawo.

Abin da na gaya wa Yaya ke nan. Na ce ta je wurin likitar mata da ba ta sayar da komai, a duba hawan jininta da mamanta da tarihin danginmu, ta kuma yi tambayoyi uku kan duk abin da za a ba ta: hukuma ta amince da shi? Me zai kare mahaifata? Idan bai karɓe ni ba, yaya zan daina? Shi kuma maigida, na ce a bar shi ya fara da awon suga da rage tumbi. Ta yi dariya ta ce wannan saƙon sai dai in isar da shi da bakina, tunda surukina ne.

Ga mu nan gida, duk maganin homon da za a saya a duba lambar NAFDAC a jikinsa, kuma kada a yarda wani ya tsaga fata a wurin da ba asibiti ba. Magidanta kuma, idan uwargida ta kai wannan shekaru tana kukan zafi da rashin barci, a kai ta ga likita, domin larurar tana da magani sananne mai sauƙin kuɗi.

Jiya Yaya ta aiko mini da saƙo cewa an ɗora ta a kan filasta da ƙwayar furojestaron ta dare, za ta koma a sake duba ta bayan wata uku. Allah Ya ba ta lafiya, Ya ba duk marasa lafiyarmu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.