Murmushin dole

Ana ce mana kamfanin Disney farin ciki yake sayarwa. To, mu dubi cinikin. A shekarar kuɗi ta 2024, sashensa mai riƙe da wuraren wasa, otal-otal, jiragen ruwa da kayan tsaraba ya tara sama da dalar Amurka miliyar 34. Riba ta haura miliyar 9. Daga aljihun iyaye ta fito. A Disneyland Paris, tun 2021, tikitin tsallake layi, wanda a da kyauta ne, ya koma na kuɗi: ɗan mai hali ya wuce, ɗan talaka na tsaye yana kallo. Su ko ma'aikatan da aka ɗora wa murmushin dole, a 2023 sai da suka shiga yajin aiki kan ƙarin yuro 200 a wata.